Malika, Amina da Gardamar Cancanta a Birnin Zazzau

 

Yau wata gardama za mu shiga, irin wadda in dattijo ya jiyo ta daga nesa zai ce zaman banza ne ya ishi yara, har suna ta da jijiyar wuya a kan zane. Amma in ya matso kusa zai tarar maganar ta shafe shi, domin sunan Zazzau ne a tsakiyarta. Gardamar kuwa ita ce: wata jarumar katun mai suna Malika, wadda aka ƙago daga labarin Sarauniya Amina, shin ta cancanci sunan da ta yi da farin jinin da ta samu, ko kuwa gadon wata ta ci ba tare da ta yi wahalar komai ba?

Bari mu fara gabatar da ita ga wanda bai san ta ba. Wani matashi haifaffen Legas mazaunin Amurka, Roye Okupe, mai kamfanin YouNeek Studios, shi ya fito da ita a littafin zane mai suna Malika: Warrior Queen a 2017. Labarin ya faru ne a ƙarni na 15, a wata daula da ya raɗa wa suna Azzaz. Malika ta gaji sarauta daga mahaifinta, ƙasa ta rabu biyu, aka yi shekaru ana yaƙin basasa kafin ta haɗa kanta. Tana cikin fama da maƙiya a majalisarta, sai ga rundunar daular Ming ta ƙasar Sin ta tunkaro ta. A hannunta kuma akwai takobi mai sihiri. A 2019 aka mai da wani yanki na labarin gajeren fim na katun, wanda kamfanin Anthill na Niyi Akinmolayan ya yi aikinsa a Legas, 'yar fim Adesua Etomi ta ba Malika murya. Kuɗin aikin ma karo-karo masoya suka yi ta intanet. A 2021 babban kamfanin littattafan zane na Amurka, Dark Horse, ya karɓi buga littattafan Okupe. Shi kuma bai taɓa ɓoye cewa Aminar Zazzau na cikin waɗanda suka ba shi tunanin ƙago jarumarsa ba.

To, ku leƙa kowane shagon masu tura fim da cajin waya a Ƙofar Doka ko bakin kasuwar birni da yamma. Benci ɗaya, samari biyar, waya ɗaya mai tsagaggen gilashi, kowa ya karkato da kai. Da an zo inda Malika ta zare takobi ta afka cikin mayaƙa, sai ɗaya ya buga cinya ya ce, "Kai, wannan ta iya!" Na kusa da shi ya taɓe baki ya ce, "Ta iya me? Karɓe takobin nan ka gani in ba ta gudu ba." Na uku, wanda ya ɗan taɓa karatun tarihi, ya ce, "Ni duk ba wannan ya dame ni ba. Kakarmu suka ɗauka, suka canja mata suna, suka sa mata Turanci a baki, suna cin kuɗi da ita." Mai shago kuwa, yana lissafin canji, ya ce, "To kai me ya hana ka zana taka?" Daga nan sai murya ta hau murya.

In kun lura, ƙorafi uku ne aka cakuɗa wuri ɗaya, shi ya sa gardamar ba ta ƙarewa. Mu warware su ɗaya bayan ɗaya.

Na farko shi ne cewa nasararta ta yi sauƙi, wai takobin sihiri ne ya yi mata aiki. Wannan ƙorafi ya ba ni mamaki daga bakin Bahaushe. A nan Zariya aka shirya gasar ƙagaggun labarai ta 1933 ƙarƙashin Rupert East, wadda ta haifar da Ganɗoki na Malam Bello Kagara. Ganɗoki ya kara da Turawa, ya wuce duniyar aljanu ya yi ta yaƙi yana cin nasara. Wa ya taɓa tsayar da malamin Hausa a aji ya ce Ganɗoki bai cancanta ba? Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa gurgu ne da ya yi shekaru bai taka ƙasa ba, rana ɗaya baƙi suka zo masa, ya miƙe da ƙarfin da babu mai irinsa. Mun karanta, mun ji daɗi, mun yi wa junanmu laƙabi da sunansa a filin wasa. Jaruman tatsuniyoyinmu kaf da laya da guru da zoben aljani suke tafe. Sai yau da mace ta riƙe takobi mai sihiri muka tuna cewa nasara sai da gumi? A nan ya kamata kowa ya dafa ƙirjinsa ya tambayi kansa: takobin ne ya tsone mini ido, ko hannun da ya riƙe shi?

Ma'aunin jarumin labari ai ba ya wuce abin da ya rasa kafin ya samu, da abin da ke iya kayar da shi ko da makaminsa na hannu. A wannan ma'auni Malika ba ta faɗi ba. Takobi na iya tarwatsa runduna a fagen fama, amma ba ya gaya maka wane ne munafuki cikin 'yan majalisarka, ba ya kuma ɗinke ƙasar da ta yage saboda rikicin gado. Waɗannan su ne matsalolin da mai labarin ya ɗora mata, kuma duk wanda ya san tarihin sarauta a ƙasar Hausa ya san su ne suka fi cin sarakuna, fiye da mashin abokan gaba.

Ƙorafi na biyu shi ne na sata: wai ɗan Legas ya ɗauki abin da ba nasa ba. Wannan ya fi na farko nauyi, domin akwai ciwo na gaske a ƙarƙashinsa. Amma mu Zazzagawa mu ne na ƙarshe da ya kamata mu kira aro sata. Iliyan nan da muke alfahari da shi, asalinsa jarumin Rashawa ne, Ilya Muromets. Sarki Waldima da birnin Kib da ke cikin littafin, Vladimir ne da Kiev aka yi musu wankan Hausa. Magana Jari Ce, wanda Alhaji Abubakar Imam ya rubuta a garin nan, aka fara bugawa a 1937, ya ɗebo daga Dare Dubu da Ɗaya, da tatsuniyoyin Jamusawa na 'yan'uwan Grimm, da labaran aku na ƙasar Indiya. Imam ya ɗauko su ya sa musu rawani da babbar riga, har yau yaro na karantawa ya rantse a bayan gidansu abin ya faru. Babu Barashe ko Bajamushen da ya zo Tukur-Tukur, gidan kamfanin buga littattafai na Gaskiya, ya ce a biya shi diyya. Adabinmu na boko da aro ya tashi, kuma ya tsaya da ƙafarsa saboda masu aron gwanaye ne. In mun halatta wa kanmu, da wane baki za mu haramta wa ɗan ƙasarmu?

Sannan Amina ta daɗe da zama ta Nijeriya gaba ɗaya. Mutum-mutuminta a kan doki yana gaban babban gidan wasannin ƙasa da ke Iganmu a Legas. Akwai ɗakin kwanan ɗalibai mata mai sunanta a Jami'ar Legas, kamar yadda ake da shi a Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru. Akwai kwalejin 'yan mata mai sunanta a Kakuri, Kaduna. Yaron da ya tashi a Legas yana wuce wannan mutum-mutumi, yana karanta labarinta a littafin firamare, in ya girma ya ce shi ma tasa ce, bai yi ƙarya ba.

Ƙorafi na uku shi ne wanda na fi son mu daɗe a kansa: wai Malika ba ta yi kama da Amina ta gaskiya ba. To, wace ce Amina ta gaskiyar? Tsofaffin rubuce-rubucen da suka ambace ta ba su da yawa, kuma a taƙaice suka yi maganar. Tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya buga fassararsa a 1908, ya sa ta a zamanin Sarkin Kano Dauda, wajen 1421 zuwa 1438. Ya ce ta ci garuruwa har Kwararrafa da Nupe, Sarkin Nupe ya aiko mata da babanni 40 da goro 10,000, ta yi shekara 34 tana yaƙi, kuma a zamaninta kayan yamma suka shigo ƙasar Hausa. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, a littafinsa Infaƙul Maisuri na 1812, ya ce Kano da Katsina sun kai mata gandu, ta rasu a Atagara. A ɗaya ɓangaren, jerin sarakunan Zazzau ya sa Bakwa Turunku, wanda ake danganta haihuwarta da gidansa, a wajen 1536. Kun ga tazarar ta haura shekara ɗari ke nan tsakanin wannan lissafi da wancan. Abin da ya fi ɗaure kai, shi jerin sarakunan bai kawo sunan Amina cikin waɗanda suka hau gadon sarauta ba. Masana sun yi ta muhawara: sarauniya ce mai cikakken iko, ko gimbiya ce mai jagorantar yaƙi? Shi kansa Bakwa, wasu ruwayoyin sun ce mace ce, wasu sun ce namiji.

Sauran abubuwan da muka haddace, irin su kama takobi tun tana ƙarama a fadar kakanta, da ƙin aure, da labarin nan mai daɗin ba da tsoro na cewa kowane gari ta ci sai ta zaɓi namiji ta kwana da shi, da safe a kashe shi, duk daga bakin kakanni suka zo, wasu kuma aka tattara a ɗan littafin Amina Sarauniyar Zazzau da aka buga a nan Zariya a 1954. Ban ce ƙarya ne ba, domin ruwayar baka ma taska ce. Na dai ce Aminar da ke cikin kawunanmu gini ne da tsara bayan tsara suka yi ta yi wa yaɓe: maroƙa sun sa hannu, tsofaffi masu tatsuniya sun sa, marubutan littattafan makaranta sun sa, masu sassaƙa sun sa. Fuskar da kuke gani a kalanda ba wanda ya ga mai ita, wani mai zane ne ya zauna ya ƙaga. Saboda haka in muna auna Malika da Amina, sau da yawa zanen yau muke aunawa da zanen jiya.

A nan ne nake ganin Okupe ya yi abin da ya kamata a yaba masa, kuma shi ne abin da masu suka suka fi jin haushi: ya canja suna. Da ya kira ta Amina, ya kira ƙasar Zazzau, sannan ya kawo sojojin Sin suna yaƙi a gindin dutsen Kufena, da mun ce ya yi wa tarihi ƙazafi, domin jiragen ruwan daular Ming a gaɓar gabashin Afirka suka tsaya, ba su taɓa leƙo ƙasar Hausa ba. Da ya ce Malika ce, Azzaz ce, ya gaya wa kowa tun daga bangon littafi cewa ga ta nan ga ta nanku ce. Wanda ya ce maka tatsuniya zai yi, ba ka kama shi da laifin Gizo ya yi magana.

Ku kwatanta da fim ɗin Amina na Izu Ojukwu, wanda ya fito a Netflix a watan Nuwamban 2021, Lucy Ameh ta fito a matsayin sarauniyar, Ali Nuhu ma yana ciki. Fim ɗin ya samu kasuwa, ya ci kyautar gwarzon fim a bikin AMVCA na 2022. Amma a Arewa ya sha suka, a kan harshe, da sutura, da yadda aka nuna fada. Me ya sa sukar ta fi zafi a can? Saboda ya ɗauki sunan gaskiya. Duk wanda ya ɗauki sunan mutum ya ɗauki amanarsa, kuma zuriyar mai suna na da ikon tuhumarsa. Malika ba ta ɗauki wannan amana ba, don haka ba daidai ba ne a tuhume ta da cin ta.

To, ke nan masu suka ba su da gaskiya ko kaɗan? Suna da ita, sai dai ba a inda suke nema ba. Ku sake sauraron abin da Tarihin Kano ya lissafa: gandu, goro, kayan fatauci. Ku ƙara da abin da Bahaushe ya riƙe a bakinsa har yau, wato kiran tsofaffin katangun garuruwa da dama ganuwar Amina. Wannan hoton mai mulki ne da ta san hanyoyin fatake, ta san cewa garin da ba shi da ganuwa ba ya tara dukiya, ta san yaƙi hanya ce ta buɗe kasuwa. Amma duk wanda ya tashi zana ta, ko zana mai kama da ita, takobi kawai yake gani. Doki a tsaye da ƙafa biyu, takobi a sama, shi ke nan. Yarinyar da ke kallo a Kwarbai ko Limancin Kona za ta tashi da tunanin cewa mace ba ta zama abar tunawa sai ta fi maza iya sara. Ina sarauniyar da ke zaune da madugai tana sasanta kuɗin fito? Ina wadda ke rabon aikin gayya na ginin ganuwa, unguwa kaza ta ɗebo ƙasa, unguwa kaza ta kawo ruwa? Wannan Aminar ba a zana ta ba tukuna.

Abin sha'awa, masu wasannin kwamfuta sun ɗan hango wannan. A 2021 wasan Age of Empires III ya shigo da Hausawa, Amina ce jagorarsu. A 2025 wasan Civilization VII ya sa ta cikin shugabannin duniya da ake zaɓa, tana magana da Hausa, kuma ƙarfin da aka ba ta bai tsaya ga yaƙi ba, har da tara kayan albarkatu da zinariya. Kamar dai wani ne ya zauna ya karanta layukan nan na Tarihin Kano, ya lura da goron.

Gaskiya ta biyu da masu suka ke da ita ita ce ta harshe. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Yaro a birnin Zariya yana kallon fim ɗin Indiya da Hausa garau, albarkacin masu fassara irin su Algaita a Kano, amma jarumar da aka ƙago daga tarihin garinsa sai ya nemi yayansa ya fassara masa abin da ta ce. Wannan abin takaici ne. Kuma mu sani, farin jinin Malika ma yana da iyaka. Cikin jaruman Okupe, wadda ta samu cikakken shirin talabijin ita ce Iyanu, mai tushe a al'adun Yarabawa, wadda ta fara fitowa a Cartoon Network a watan Afrilun 2025. Mutum ya fi zurfi a rijiyar gidansu, kuma ba laifi ba ne. Darasin dai shi ne, zurfin labarin Zazzau sai wanda ya sha ruwan Zazzau.

Kayan aikin kuwa suna nan zube. Garin nan ne ya haifi Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939. Garin nan ne ɗaliban zane irin su Uche Okeke, Demas Nwoko, Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya suka kafa ƙungiyarsu a 1958, suka sauya alƙiblar zanen Nijeriya. Sashen koyar da zane na Jami'ar Ahmadu Bello na nan, sashen harsunan Afirka na nan, sashen tarihi da na binciken kayan tarihi na nan. Mai son ganin yadda mayaƙin da yake, ya tsaya a ƙofar fada ranar hawan Sallah ya dubi 'yan lifidi da 'yan sulke, ya ji kakaki da tambari. Mai son fage ya je Turunku, ya hau Kufena. Mai son ganin ganuwa kuma ya hanzarta. Ku bi ta wajen Ƙofar Gayan ko Ƙofar Kuyambana ku duba: inda katanga take da tsayi har yanzu, ruwan sama ya tsattsaga ta, awaki na kiwo a kanta, wani wurin an ɗebe ƙasarta an yi bulo, wani wurin gida ya hau kai, wani wurin sai tsoho ya nuna maka da sanda ya ce nan ta bi. Wanda ke fushi don an taɓa martabar Amina a cikin waya, ya dace ya fi fushi da wannan.

Hukuncina ke nan, jama'a. Malika ta cancanci farin jininta. Wanda ya ƙago ta ya yi gumi, ya nemi taimakon masoya, ya faɗi inda ya yi aro, bai kuma yi da'awar tarihi yake koyarwa ba. Ku bar yara su kalle ta, su so ta. In yaro ya tambaya ko ita ce Amina, a ce masa a'a, sannan a zaunar da shi a gaya masa abin da aka sani, da abin da masana ke saɓani a kai, ba tare da ƙari ba. Ga malamanmu na jami'a, ga masarauta ƙarƙashin Mai Martaba Sarkin Zazzau Malam Ahmed Nuhu Bamalli, Allah ya ja zamaninsa, ga attajiran birni da na Sabon Gari: littafin zane mai shafi 30 da Hausa, wanda ɗalibin zane da ɗalibin tarihi za su haɗa hannu su yi, bai kai kuɗin kayan doki ɗaya na hawan Daushe ba. Ga samarinmu na benci kuma: wayar da kuke musu a kanta, da irinta ake koyon zanen katun yanzu. Tambayar mai shago na nan tana jiran amsa daga gare ku.